Yankan Kwana: Me Ya Sa Firam Ke Buɗe Baki, Kuma Yaya Ake Haɗa Shi da Zarton Hannu?

 Kamar kullum, ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba, da kuma masu cewa sun fi gane abu in sun karanta. Na ɗan gyara wasu wuraren, amma yawanci yadda na faɗa haka na rubuta.

Yau maganar katako za mu yi. E, katako. Na san wani zai ce, "To fa, yau kuma kafinta ka koma?" Ku dai ba ni aron hankalinku, akwai dalili.

Ƙanena kafinta ne. Shekara 4 yana koyo a wajen maigidansa, bara ya samu ɗan wuri ya kafa bencinsa. Babban aikin farko da ya samu da sunansa shi ne kayan ɗakin wata amarya a layinmu: gado, da sif, da madubi. Gado da sif lafiya lau. Madubin ne ya jawo mana magana. Ya yi masa firam mai faɗin inci 4, ya sha fenti yana ƙyalli. A ƙarshen Oktoba ya gama, ni na taya shi kai shi gidan, kuma da idona na ga kusurwoyin nan huɗu a haɗe tsaf, kamar da biro aka ja layin. Aka jingine a ɗaki ana jiran biki.

Ranar jere, wata Alhamis a cikin Janairu, sai ga waya. Duk kusurwa huɗun sun buɗe baki daga ciki, har tsinken ashana yana shiga. Gwaggon amarya ta ce a gaban mata, "Wannan madubi tun amarya ba ta tare ba ya fara yi mata dariya." Kun dai san ɗakin jere. Abin da aka faɗa a can da hantsi, kafin la'asar ya zaga unguwa. Ga shi kuma ranar Asabar za a kai amarya.

Yaron nan ya ɗauko firam ya dawo gida jiki a sanyaye. Abin da ya fi cin ransa shi ne bai san laifin da ya yi ba. Shi ya ce rashin inji ne, da da injin yankan kwana ya yi da haka ba ta faru ba. Ni kuma, da yake ni ne ɗan bokon gidan, na ce ai lissafi ya kuskure. Ashe dukkanmu mun faɗi. Muka ɗauki firam muka nufi wajen wani dattijon kafinta, abokin mahaifinmu.

Muka tarar da shi a rumfarsa yana wasa haƙoran zarto. Bayan gaisuwa, sai ya dube ni ya ce, "Kai ne aka ce ka yi digiri?" Na ce, "Ni ne, Baba." Ya ce, "Guda nawa?" Na ce, "Ɗaya." Ya ce, "To mu a nan 45 muke nema, jawo benci ka zauna." Yaran shago suka kwashe da dariya.

Sannan ya juya firam ɗin, ya duba gaba, ya duba baya, ya yi wa ƙanena tambaya biyu kacal. "Ranar da ka haɗa shi a rufe yake?" Ya ce, "A rufe yake, Baba." "Katakon kwana nawa ya yi a wajenka kafin ka sa masa zarto?" Ya yi shiru, can ya ce, "Kwana biyu." Baba ya ce, "To kwana biyun nan su suka ɓata maka kwana huɗu. Hannunka bai yi laifi ba, gaggawarka ce. Hunturu ya buɗe shi."

Zan dawo kan maganar hunturun. Amma daga ranar na riƙa komawa rumfar nan duk Asabar har wata uku, kuma abin da na koyo shi na kawo muku yau, tun daga tushe.

MENE NE YANKAN KWANA?

In za ka haɗa katako biyu su yi kusurwa, hanya mafi sauƙi ita ce ka yanke kowanne a miƙe, ka kara bakin ɗaya a jikin ɗaya, ka buga ƙusa. Haka ake haɗa bencin mai shayi. Yana riƙewa, sai dai bakin katakon yana fitowa fili, wurin nan mai kaushi da ke shanye fenti kamar soso. In kuma katakon yana da ado a jikinsa, adon zai katse a kusurwa maimakon ya zagayo.

Shi ya sa ake yankan kwana: kowane baki a yanke shi a karkace, biyun su haɗu a kan layi ɗaya da ya taso daga tsinin waje zuwa kusurwar ciki. Bakin katako ya ɓuya, ado ya zagayo. Shi kuke gani a firam ɗin hoto, da madubi, da ƙofa, da adon silin. Sunansa na Turanci ma in ya shiga kunnen Bahaushe sai ka ɗauka "maita" aka ce, amma wallahi babu maita a ciki, lissafin ƙaramar sakandare ne.

Ƙa'idar ɗaya ce: kusurwar da kake so ka raba ta biyu daidai, kowane katako ya ɗauki rabi. Firam mai gefe 4 kusurwarsa digiri 90 ce, kowane baki 45. Teburi mai gefe 6 kusurwarsa 120, kowane baki 60. Mai gefe 8 kusurwarsa 135, kowane baki 67 da rabi. Amma ku lura, masu inji daga yankan miƙe suke fara ƙirga, shi ya sa za ka ji sun ce 30 a mai gefe 6, ko 22 da rabi a mai gefe 8. Nasu lissafin shi ne 180 a raba da yawan gefe. A 45 ne kaɗai ƙirgen biyu suke zama ɗaya, shi ya sa mutum ba ya rikicewa sai ranar da aka ba shi aikin da ba mai gefe 4 ba.

Wani zai ce, in ɗaya ya zo 50 ɗaya 40 ai duk 90 ne. Gaskiya ne, amma fuskar yankan ɗaya za ta fi ɗaya tsawo, sai gefen ciki ya ƙi haɗuwa, ka ga ɗan tudu ya fito. Dole rabi da rabi, matuƙar faɗin katakon biyu ɗaya ne.

INDA WAHALAR TAKE

Firam guda yanka 8 ne, biyu a kowane katako. A ce duk yanka ka kauce da rabin digiri, wanda ido ba ya iya gani. Rabi sau 8 ya zama digiri 4. Za ka haɗa kusurwa ta farko ka ji daɗi, ta biyu ma haka, ta uku ka ce yau ni ne, sai ta huɗu ta tara maka bashin gaba ɗaya. Katako mai faɗin santimita 5, fuskar yankansa ta 45 santimita 7 ce, domin kullum faɗin ne sau 1.4. Digiri 4 a kan santimita 7 kuwa ya kusa milimita 5. Rami ke nan, ba tsaga ba.

Nan ne ƙanena ya yi kuskure da ya ce inji ne maganin. Injin da saitinsa ya kauce da rabin digiri zai maimaita maka kuskuren sau 8 ba tare da ya gaji ba. Ga kuma wuta da kuka san halinta, ga fetur tun da aka cire tallafi a 2023. Mai zarton hannu da ya san abin da yake yi ba ya jiran kowa.

ALAMA KAFIN ZARTO

Baba ya ce yanka a wajen alama yake lalacewa, zarto shaida kawai yake bayarwa.

Abu na farko, gwada sukwayarka, wato ƙarfen nan mai siffar L da ake auna 90 da shi. Da yawa na kasuwa a karkace suke tun daga shago, wata kuma faɗuwa ɗaya ta yi. Samu katako mai miƙaƙƙen gefe, ɗora ta ka ja layi, sai ka kifa ta ta ɗaya ɓangaren ka sake ja daga wuri ɗaya. In layin biyu sun hau kan juna, lafiya. In sun ware kamar almakashi, ƙarya take maka, kuma duk aikin da ka yi da ita zai gaji ƙaryar.

Na biyu, fitar da 45 ba sai da ma'aunin kusurwa ba. Ja layin miƙe a kan katakon. Auna faɗinsa, a ce santimita 5 ne. Daga layin nan auna santimita 5 a gefe ɗaya ka sa ɗigo. Ka ga ka fitar da murabba'i. Layin da ya ratsa shi daga kusurwa zuwa kusurwa 45 ne cif. Ko ka ɗauki farar takarda ka naɗe kusurwa ɗaya, gajeren gefe ya kwanta a kan dogon gefe, wannan karin ma 45 ne. Yawancin zartunan zamani ma an ƙera mariƙinsu yadda in ka kara shi a gefen katako, bayan zarton zai ba ka 90 ta nan, 45 ta can. Ya isa aikin gaggawa, amma ban da firam ɗin amarya.

Na uku, bar fensir, ɗauki wuƙa. Layin fensirin kafinta kan kai kaurin milimita guda, to a ina za ka yanka, hagunsa ko damansa? Wuƙa mai kaifi ko reza tana ba ka layi siriri, kuma tana datse zaren katakon na sama, zarto ba zai yage fuskar ba. In ka ja layin, sa cizal ka ɗan kankare siririn kwari a gefen da za ka yar, bakin zarto zai zauna a ciki ba ya zamewa. Sannan ka sauko da layin a gefen katakon biyu da sukwaya, domin yanka biyu kake sa wa ido lokaci guda: karkacewar sama, da miƙewar ƙasa. A ƙarshe sa alamar X a ɓangaren da za ka yar. Ni nan sau biyu ina yanke kwana ta juye saboda raina wannan X ɗin.

RIƘE ZARTO

Babban zarton da ake tsaga katakon rufi da shi haƙoransa 7 ko 8 ne a inci guda, ya yi wa wannan aiki girma. Nemi ƙarami mai ƙarfe a gadon bayansa, mai haƙori 12 zuwa 14 a inci. Ƙarfen nan shi ke hana shi lanƙwasa. In siririn katakon ado ne kuma ba ka da shi, zarton yankan ƙarfe ma yana yi, sai dai jinkiri.

Ka tuna zarto yana da ciki. Duk inda ya bi yana cinye kamar milimita guda ya mai da shi gari. In ka bi ta tsakiyar layi, ka ci rabin milimita daga aikinka. Saboda haka a gefen X ake bi, layin ya tsira a jikin aikin.

Ɗaure katakon ya daina motsi. Yatsa uku da babban yatsa su riƙe mariƙi, manuni ya miƙe a gefe yana nuna inda za a je. Zarto da hannu da gwiwar hannu da kafaɗa su zama a layi ɗaya. Fara daga gefen da ke nesa da kai, kara babban yatsan ɗaya hannun a jikin zarton sama da haƙora, ja baya sau biyu ko uku a hankali har ya yi wa kansa hanya, sannan ka fara turawa. Kada ka danna. Ni da na fara, dannawa nake kamar ina bin katakon bashi, sai Baba ya ce, "Ɗan boko, nauyinsa ya ishe shi, kai rakiya ce taka." In sai ka danna yake ci, zarton ne ya dakushe, kai shi a wasa. In ka kusa ƙarshe, tallafe guntun da zai faɗi, kada ya ɓalle ya yago maka tsini.

Ga wata dabara mai daɗi: in jikin zartonka yana ƙyalli, dubi hoton gefen katakon a jikinsa. In hoton ya miƙe da katakon kamar abu ɗaya, 90 kake yankawa. In hoton da katakon sun yi L, 45 ce.

AKWATIN YANKA

Ba kowa zai kai hannun Baba ba, kuma shi ma in aikin da yawa akwati yake jawowa. Katako uku ne: ɗaya a ƙasa, biyu a tsaye a gefensa, kamar magudanar ruwa. Yi shi da katako mai tauri irin madaci, domin obece da afara suna da laushi, zarto zai cinye su da wuri. Gefen biyu su zama sun daidaita da juna daga farko har ƙarshe. Sai ka fitar da 45 a samansu da wuƙa, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, ka sauko da layin da sukwaya, ka yanka a natse da zarton da za ka riƙa aiki da shi. Wannan tsagar ita za ta riƙa jan zarton.

Kada ka yarda da shi sai ka gwada. Yanki guntaye 4 masu tsawo ɗaya ka haɗa su a kan benci. In kusurwa ta huɗu ta rufe, akwatinka ya ci jarrabawa. In ta buɗe, sake wata tsagar, ai katakon yana da tsawo. Kuma duk ranar da ka ji zarto yana rawa a cikin tsagar, ta tsufa.

Sharaɗi na biyu da mutane ke mantawa: gefen da ke kallon juna dole tsawonsu ya zama ɗaya. Ko kwanarka ta fi ta kowa kyau, in na dama ya fi na hagu da milimita 2, firam ba zai rufu ba. Maganinsa, kafa ɗan guntun katako a matsayin birki, duk wanda za ka yanka ya zo ya tokare shi. Tsawon waje kuwa shi ne tsawon ciki a haɗa da faɗin katako sau biyu. Ciki 30 da 40, katako mai faɗin 5, waje zai zo 40 da 50.

GYARA BAYAN YANKA

Abin da ya fi ba ni mamaki, ko Baba ba ya tsammanin zarto ya gama masa aiki. Zarto kusa yake kawo ka, filen ne ke ƙarasawa, wato abin nan na hannu da ake kankare katako ya yi sumul. Yana da wani allo mai ɗan tudu, an kafa masa shinge a 45. Sai ya jingina katakon da shingen, ya kwantar da filen a gefensa, ya riƙa tura shi yana shafto bakin, abin da ke fita bai fi ɓawon albasa ba. In kwanar ta ɗan kauce, sai ya sa guntun takarda ko tsohon katin waya tsakanin katako da shinge, ta gaba ko ta baya, kwanar ta gyaru da kaurin takardar. Wanda ba shi da filen ya manna samfefa a kan miƙaƙƙen katako ya yi amfani da shi haka. Amma kada ka riƙe samfefa a tafin hannu ka goga, za ta dulmuye gefen, ramin ya ƙaru.

Dabara ta biyu ta tsofaffi: ɗaure katakon biyu a kan allo a 90 daidai, bakinsu a haɗe, sai ka bi ta tsakiyar haɗin da zarto. Zarton zai ci daga kowanne lokaci guda, fuskokin biyu su zama abokan juna. Matso da su, in da saura ka sake. Sai dai ka tuna tsawo ya ragu, ka duba abokin gefen.

Kafin gam, haɗa shi a bushe ka auna daga kusurwa zuwa wadda ke can ƙetare, sannan ɗaya ɓangaren. In awon biyu ɗaya ne, firam ya tsaya daidai. A babban aiki kuwa akwai 3, 4, 5: auna 3 a gefe ɗaya, 4 a ɗaya gefen, in tsakaninsu 5 ne to 90 ce. Shi ne darasin Fitagoras da muka haddace don jarrabawa. Mutanen Babila sun san shi fiye da shekara 1,000 kafin a haifi shi Fitagoras ɗin, magina kuma da shi suke fitar da harsashin gini har gobe. Na faɗa wa Baba sunan, ya ce bai san mutumin ba, amma a gaishe shi.

IN BANGON BA 90 BA NE FA?

Wannan kullum ne a gidajenmu. An kira ka sa adon silin ko katakon ƙasan bango, ka yanka 45 mai kyau, ka kai ka ga ya ƙi zama, domin kusurwar ɗakin 87 ce ko 93. Kada ka yi faɗa da magini, ya riga ya tafi. Ɗauki takarda mai ɗan kauri, gyara ta har ta zauna daram a kusurwar, gefe ɗaya a wannan bango ɗaya a wancan. Naɗe ta biyu, gefe ya hau kan gefe. Karin da ya fito shi ne kwanarka. Ba ka ma buƙatar sanin lambarta, ɗora ta kawai a kan katako ka ja layi.

GAM DA ƘARFAFAWA

Gaskiya ɗaya da ya kamata ku sani: yankan kwana kyakkyawa ne amma rago ne. Ku tuna bakin rake in an datse shi, ƙananan ramukan nan. Haka bakin katako yake, kuma a yankan kwana baki ne ke haɗuwa da baki. Kana shafa gam yana zuƙewa, a bar haɗin da yunwa. Shi ya sa ake fara shafa farin gam siriri, a ba shi 'yan mintuna ya toshe ramukan, sannan a sake shafawa a haɗa.

Wajen matsewa ba sai ka sayi komai ba. Tsohon tub na mashin da aka yanka tsiri-tsiri, irin robar da ake ɗaure kaya, zagaya firam ɗin da ita ta matse kusurwa huɗun lokaci guda. Sake auna ƙetare da ƙetare, goge gam ɗin da ya fito da jiƙaƙƙen tsumma, ka bar shi ya kwana.

Gam kaɗai bai isa abu mai nauyi ba. In ƙusa za ka sa, ɗan daki tsininta da hamma ya dakushe, ba za ta tsaga katakon ba, kuma ka buga ta ɓangare biyu su riƙe juna. Wanda ya fi wannan, bayan gam ya bushe ka tsaga kusurwar ta waje da zarto, ka zura siririn katako mai tauri da gam, in ya bushe ka yanke abin da ya fito. Wannan ɗan harshen jikinsa ne ke mannuwa da jikin katakon biyu, ba baki ba, shi ya sa yake riƙewa. Madubi mai nauyi kuma a ƙara masa filawud mai kusurwa uku ta baya.

TO, HUNTURUN FA?

Itace mai rai cike yake da ruwa. In an sare shi an tsaga, ruwan yana fita a hankali har katakon ya daidaita da iskar inda yake. Ko bayan nan ba ya hutawa: iska ta yi laima ya sha, ta bushe ya fitar.

Yawancin katakon da muke saye a kasuwannin 'yan katako, irin ta Na'ibawa a Kano, daga dazukan Kudu ake kawo shi, wajen su Ondo da Edo da Kuros Riba, inda iska ke da laima kusan duk shekara. Sau da yawa bai gama bushewa ba ake loda shi a tirela. Mu kuma nan, a watan Agusta laimar iska kan kai kashi 70 zuwa 80 cikin 100, amma da hunturu takan faɗo ƙasa da kashi 20. A laimar kashi 80, ruwan cikin katako yana tsayawa wajen kashi 16 cikin 100. A laimar kashi 20 kuwa, wajen 4 zuwa 5. Abin da ke fasa mana leɓe da dunduniya shi ke aiki a jikin katako.

Ga inda sirrin yake: katako in ya bushe a faɗi yake tsukewa, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Firam ɗin ƙanena inci 4 ne, kamar santimita 10. A ce ya tsuke da kashi 2 cikin 100 kawai, milimita 2 ke nan. Tsinin waje yana nan a haɗe, amma ta ciki kowane katako ya ja baya da milimita 2, sai ramin da ke tsakaninsu ya kusa milimita 3. Ga tsinken ashanar gwaggo. Da damina kuma akasin haka ne: katako ya kumbura, ciki ya matse, tsinin waje ya buɗe.

Rigakafin ba wuya. Sayi katako da wuri. Jera shi a inuwa, ba a rana ba, da 'yan sanduna tsakanin kowane layi don iska ta ratsa. In kana so ka san ko ya bushe, yanki guntu ka riƙa ɗora shi a sikeli duk mako, ranar da nauyinsa ya daina raguwa ya shirya. Rage faɗin firam in da hali, domin mai inci 2 rabin motsin mai inci 4 yake yi. Shafa fenti gaba da baya, ba fuska kaɗai ba, zai rage saurin shan iska ko da bai hana ba. Garin katako da gam da ake cusawa a rami kuwa, a tsaga mai kaurin gashi ba laifi, amma a babban rami yaudarar kai ce, damina ɗaya zai zubo.

Saboda haka in firam ya buɗe, ga yadda za ka karanta shi. Tun ranar farko duk kusurwa a buɗe ta ciki, tsininka ya yi siriri da yawa. Ta waje, tsinin ya yi kauri. Kusurwa ɗaya kaɗai, duba tsawon gefuna. Gaba a rufe baya a buɗe, zartonka ya kwanta gefe. Ya rufu lafiya sai bayan wata biyu ya buɗe, ɗanyen katako ka yanka.

YADDA MUKA ƘARE

A yammacin Alhamis ɗin nan Baba ya sa ƙanena ya kwance firam ɗin a hankali. Ya ce katakon ya riga ya gama bushewa, yanzu ne ma ya zama na aiki. Ya ce kada ya taɓa kusurwar ciki, tsinin kawai zai rage, saboda gurbin gilashin ya zauna yadda yake. Baki 8, ɗaya bayan ɗaya, a kan allon nan da filen. Aka sa gam, aka ɗaure da roba, ya kwana. Ranar Juma'a da safe aka zura masa harshe a kowace kusurwa, da yamma aka gyara fenti. Tun daga farko har ƙarshe babu wuta a unguwar, kuma babu wanda ya lura.

Da muka mai da shi, gwaggon ta bi kusurwoyin da farcenta ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "To, yanzu ya kama bakinsa." Ƙanena bai karɓi ko kwabo na gyara ba, amma yanzu in ka shiga shagonsa za ka ga katako a jere a inuwa, kowanne da kwanan watan da aka saye shi an rubuta da alli.

Ni kuwa na ci lissafi a takarda, amma sai a rumfar mutumin da bai taɓa zama a aji ba na ga abin da ake yi da shi.

Ga aikin gida. Je wajen kafintan unguwarku, gaishe shi da ladabi, roƙi guntayen katako 4 da aron zarto. Fitar da 45 da takarda, yanka, haɗa. In kusurwa ta huɗu ta rufe a karon farko, turo mana hoto, ni da kaina zan kai wa Baba ya gani. In ba ta rufe ba, barka da zuwa, nawa sai a karo na shida.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.